Tambaya Da Amsa: Wai Da Gaske Akwai Waɗanda Suka Ce A Bar Musu Fetur A Ƙasa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kamar an haɗa baki, saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, wato kurmi da mutanen kurmi, to sai na tattara su wuri guda. Masu tambayar rabon gado da wanda ya turo maganar rikicinsa da mai gidan haya ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam. Dan Allah yarona ne ya nuna mun wani bidiyo a Facebook wai akwai ƙasar da mutanen daji suka hana gwamnati haƙar fetur har aka yi zaɓe a kai. Ni dai nace masa ƙaryar intanet ce, wa zai ga fetur yace a bar shi a ƙasa? Gaskiya ne ko shaci-faɗi? Daga mai sayar da katako, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ba yaron nan haƙuri, wannan karon shi ne da gaskiya. Ƙasar sunanta Ekwado, tana Kudancin Amurka, dajin kuma ana ce masa Yasuni, wani yanki ne na babban kurmin Amazon. Ranar 20 ga Agusta 2023, ranar da suke zaɓen shugaban ƙasa, aka haɗa musu da wata takarda daban ana tambayarsu shin a bar man da ke wani fili da ake kira bulok na 43 a cikin ƙasa ko a ci gaba da tsotsa, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a bar shi. Kuma ba wai rijiyar da ba a taɓa ba ce, a lokacin ana kan haƙa, ganga sama da dubu 50 take bayarwa kullum.

Amma fa ba rana ɗaya aka tashi aka ga haka ba. Tun 2007 shugabansu na lokacin, Rafael Correa, ya ce wa duniya ku ba mu dala biliyan 3.6 mu bar man nan a ƙasa, aka yi ta tafi ana yaba masa, da aka zo zuba kuɗi abin da ya shiga hannu bai taka kara ya karya ba, wajen miliyan 13 ne, a 2013 yace to shikenan a haƙa. Daga nan matasa da 'yan asalin dajin suka shiga tara sa hannu, hukumar zaɓe ta watsar da mafi yawa, suka tafi kotu, shekara goma ana abu ɗaya kafin kotun tsarin mulki ta ce a yi ƙuri'ar. A cikin dajin akwai ƙabilar Waorani, akwai kuma wasu danginsu Tagaeri da Taromenane waɗanda har yau ba sa hulɗa da kowa, mura kaɗai in ta shiga cikinsu tana iya gamawa da su, to ka ga hanya da motoci da leburori a wajensu ba ci gaba ba ne.

Su Waorani ɗin ma sun taɓa kayar da gwamnati tun kafin nan. A 2019 wata mata daga cikinsu, Nemonte Nenquimo, ta jagoranci ƙara a kan fili kusan hekta dubu 200 da ake shirin gwanjonsa ga kamfanonin mai, hujjarsu ita ce shawarar da gwamnati ta ce ta yi da su a 2012 ta bogi ce, an zo an yi 'yan jawabai an karɓi sa hannu ba tare da an gaya musu me suke sa wa hannu ba. Kotu ta yarda da su. Ni wannan ya fi burge ni fiye da zaɓen, don irin wannan taron na je-ka-na-yi-ka mun san shi a nan, a kawo buhun shinkafa da katan ɗin sabulu a ɗauki hoto a ce jama'a sun amince.

Kar kuma in ɓoye maka, ba kowa ne ya so ba. A jihohin da ake haƙar man kansu mafi yawa cewa suka yi a ci gaba, saboda aiki, har cikin Waorani akwai masu cin abinci a kamfanin. Kuma kotu ta ba da shekara ɗaya a kwashe kaya, shekarar ta cika gwamnati ta rufe rijiya ɗaya tace sauran sai a hankali cikin shekara biyar. To ƙuri'a dai an ci, tsere kuma yana gaba.

Sannan Alhaji tunda katako kake sayarwa kar ka wuce, tambaya ta biyu ta shafe ka.

TAMBAYA: Malam ni direba ne, shekara 14 ina jan gumagumai daga wajen Yokaduma zuwa Duwala, yanzu kuma ina ɗauko katako daga Batuwa in kawo Kusiri. Gaskiya ni ban ga abin da Baka, mutanen kurmin nan na kudu maso gabashin Kamaru, suke karewa ba, mutane ne da ko gona ba su da ita, in kamfani bai buɗe hanya ba ko gishiri ba za su gani ba. Ba turawa ne kawai ke zuga su ba? Daga ɗan Garwa mazaunin Ngawundare.

AMSA: Ƙanena sannu da hanya, Allah ya tsare, wanda ya san gangaren Falez na hanyar Ngawundare da lodi ya san ba wasa kake ba. Maganarka akwai ƙamshin gaskiya a wani wuri, hanya na da amfani kuma akwai ƙungiyoyin da ke cin abinci da sunan Baka, su zauna a Yawunde cikin sanyin kilima, wato na'urar sanyaya ɗaki, suna rubuta rahoto. Amma inda kace ba su da gona, nan ne ban bi ka ba.

Ina saurayi na taɓa bin kawuna fatauci ta wannan yankin naku, muna kai atamfa da batir da gishiri ƙauyuka, muka kwana a wani zango na Baka a bakin hanya saboda gada ta karye. Da safe na ga wata tsohuwa zaune tana fasa wasu ƙwallaye masu sheƙi kamar an goge su da mai, ta shanya, wasu ta riga ta daka tana matsewa a tukunya, ƙamshin sak man kaɗanya sai dai ya fi nauyi. Ashe 'ya'yan bishiyar mowabi ne, kuma daga baya na gane dangin kaɗanya ce da gaske. Da shi suke miya, shi suke shafawa, shi take sayarwa a kwalba ta sayi abin da kawuna ya kawo. Jikanta ya ja ni muka shiga ciki kamar tafiyar rabin awa ya nuna mun uwar bishiyar, wallahi sai da hulata ta faɗi garin kallon sama, mu biyu da wani yaro muka miƙa hannu ba mu ci rabin gindinta ba. A jikinta akwai lamba da jan fenti. Ban san ma'anar fentin ba a lokacin, kai ka sani, alamar za a sare ta ce.

Ita mowabi sai ta shekara hamsin ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mai injin zarto kuma kafin azahar ya gama da ita. To ka gaya mun, in wani ya zo Garwa da takarda daga Yawunde ya sare duk kaɗanya da ɗorawa da tsamiyar da ke bayan garinku yace ai ba ku kuka shuka ba, me za ka kira shi? Haka sapeli, wannan jan katakon da ake ƙofofin masu kuɗi da shi, a jikinsa wata tsutsa take fitowa da damina wadda suke ci suke sayarwa, kar ka yatsina fuska, mu ma fara muke ci da yaji. Zuma a can, magani a can, nama a can, har abin da suke girmamawa na al'adarsu da suke kira Jengi a cikin kurmin yake. Gonarsu kenan, rumbunsu kenan, sai dai ba ta da kunya-kunya irin tamu shi yasa idonka bai gan ta ba.

Kuma ba idonka kaɗai ba, idon doka ma haka. Dokar ƙasa ta 1974 a Kamaru cewa tayi duk filin da ba shi da takardar mallaka yana hannun hukuma, kuma kafin a ba ka takarda sai ka nuna ka raya wurin, wato gini ko shuka. Mutumin da duk iyawarsa ita ce ya ci daji ba tare da ya kashe shi ba me zai nuna? Wanda ya share ya ƙone shi ne ya raya a wajen doka. Dokar daji ta 1994 ta ɗan buɗe ƙofa, tace ƙauye na iya neman dajin al'umma har hekta 5,000, amma takardun da faransanci suke, sai an yi taswira, sai an yi zarya ofis-ofis, yawancin Baka kuma ko takardar haihuwa ba su da ita balle katin ɗan ƙasa. Kamfani ɗaya kuwa ana iya yanka masa ninkin ba ninkin wannan. An sake sabuwar dokar daji a 2024, za mu ga abin da za ta haifa a ƙasa.

Batun zuga kuma, je ka tambayi mutanen Banen. Su ba Baka ba ne, manoma ne masu sarakuna, asalinsu dajin Ebo da ke tsakanin Duwala da Yawunde ta arewa, an fitar da su daga ƙauyukansu wajen shekarun 1960 lokacin yaƙin 'yan tawaye, kaburburan kakanninsu na can ciki. A Yuli 2020 firaminista ya sa hannu aka ware hekta 68,385 na dajin don yankan katako, sarakunansu da 'ya'yansu na gida da waje suka tashi tsaye da takardu da koke, ba a rufe wata ɗaya ba aka janye dokar bisa umarnin shugaban ƙasa. An yi murna sosai, har masana tsirrai na Ingila suka raɗa wa wata sabuwar bishiya da aka gano a dajin sunan ɗan fim ɗin nan DiCaprio don ya sa baki a maganar, ni da ni ne da sunan wani tsoho na Banen zan sa amma ba a tambaye ni ba. Sai ga shi a 2023 an dawo da maganar ta wata ƙofa an sake ware dajin. Dajin nan fa akwai goggon biri a ciki, akwai kuma birai masu fasa ƙwallo da dutse suna kamun gara da tsinke.

Su Baka kuma bayan kamfani akwai masu gadin gandun daji, an sha kawo ƙarar duka da ƙona bukkoki da sunan kare dabbobi, har sai a 2019 ma'aikatar daji ta sa hannu a wata yarjejeniya da ƙungiyarsu cewa za su iya shiga gandayen Lobeke da Bumba-Bek da Nki neman abincinsu. Wasunsu yanzu suna yawo da waya mai hotuna maimakon rubutu, in sun iso gindin mowabi su danna hoton bishiya, in kabari ne su danna nasa, tauraron ɗan adam ya ajiye wurin, ranar da kamfani ya zo da tasa taswirar su ma su fito da tasu. Bature na iya kawo wayar, amma ba shi ya san inda bishiyar take ba.

In kana son lissafi, a Burazil an auna da hotunan sama daga 1990 zuwa 2020, filayen da ke hannun 'yan asali kashi 1 cikin ɗari kawai suka rasa na dajinsu, filayen masu zaman kansu kuwa sama da kashi 20.

Ban ce ka ajiye kamiyo, wato babbar motarka, ba, iyali za su ci. Farin katakon nan ayus da kake kaiwa Kusiri ya tsallaka gadar Ngeli ya shiga Njamena, da shi aka yi rufin ɗakin da nake rubutun nan, Alhajin Marwa ma shi yake sayarwa. Duk hannunmu na ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Njamena. Ɗalibaina sun tambaye ni mu da muke cikin rairayi me ya haɗa mu da kurmi, na rasa amsa mai gamsarwa. A taimaka.

AMSA: Malama Allah ya ƙara basira. Ki kai su bakin Shari ki nuna musu ruwan ki ce daga ina ya zo. Shari daga Afirka ta Tsakiya yake tasowa, Logon daga tsaunukan Adamawa, su haɗu a nan gabanku, kuma su biyun ne ke kawo sama da kashi 90 na ruwan da ke shiga tafkin Chadi. Ba ruwan saman Njamena ne ke cika tafkin ba, na kudu ne, inda itatuwa suke riƙe ƙasa suna sakin ruwa a hankali. Kifin da suka ci jiya ma daga can ruwansa yake.

In wannan bai ishe su ba ki ba su labarin bututu. Man fetur ɗin Doba a kudancin Chadi da aka fara turawa a 2003 yana tafiyar kilomita 1,070 a ƙarƙashin ƙasa kafin ya kai teku a Kiribi, kuma kusan 900 daga ciki a Kamaru ne. Can wajen ƙarshensa, yankin Lolodorf da Bipindi, ya ratsa dajin wasu mutane da ake kira Bagyeli, 'yan uwan Baka ne amma ba su da yawa, 'yan dubbai ne. Da aka zo biyan diyya gona da bishiyar da aka shuka ake biya, to maƙwabtansu manoma suka karɓa, su da yawansu suka tashi a tutar babu don filin da suke kai a takarda ba nasu ba ne. Sannan don a rama ɓarnar da bututun yayi wa daji sai aka kafa gandun Kampo Ma'an, wanda shi ma ya zo ya taƙaita musu farauta a inda suka saba. Kin ga an mare su an kuma hana su kuka. Bankin Duniya da ya tsaya wa aikin shi ma a 2008 ya tattara nasa ya fita, saboda kuɗin man bai tafi inda aka yi alkawari ba. Duk kwalta da gini da aka yi da kuɗin nan a Njamena ta bayan bukkar wani Bagyeli suka biyo, yara su san wannan.

Kuma ki gaya wa 'yan matan ajinki akwai 'yar ƙasarsu, Hindou Oumarou Ibrahim, Bororo ce, ita ƙungiyoyin farar hula suka tsayar tayi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar sa hannu a yarjejeniyar yanayi ta Faris a 2016. A Baibokum ta tara makiyaya da manoma aka gina taswirar yankin da hannu, tudu da kwari, maza suka nuna burtali da mashaya, mata suka zo suka gyara musu suka ƙara inda ake samun ruwa da rani da inda ake ɗebo magani.

TAMBAYA: Shin kiran mutanen kurmi irin su Baka figmi zagi ne?

AMSA: Da yawansu ba sa so, don sunan daga tsawon jiki aka ɗauko shi kuma da raini ake faɗa. Ka ce Baka, ka ce Bagyeli, ka ce Bedzang, kowa da sunansa. Kai ma in an ce maka aboki a kudu da wata irin murya ai ka san yadda kake ji.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ni ina haƙar zinariya a wajen Betare-Oya a gabashin Kamaru, mu talakawa ne da shebur da kwano, amma kullum a rediyo sai a haɗa mu da masu manyan injina a ce mu ke lalata daji. Adalci ne? Kuma mu da muka zo daga arewa muna da bakin magana a ƙasar da ba tamu ba?

AMSA: Ɗana Allah ya ba da sa'a ya kuma fito da kai lafiya. A'a ba ɗaya kuke ba, abin da katafila ke yi a yini kai ba za ka yi shi a shekara ba, kuma ramukan da kamfanoni ke bari a buɗe ruwa ya cika su, waɗanda suka ci yara da shanu da masu kalen ƙasa a Betare da Baturi, ba kai ka haƙa su ba, doka ta ce su cike kafin su tashi ba sa yi. Amma akwai abu ɗaya da ya haɗa ku, zaiba. In kana wanke ƙasa da ita kana ƙonawa a cokali, hayaƙin huhunka yake shiga, ragowar ta bi ruwa ta shiga kifi, kogin Lom kuma shi ne ya cika madatsar Lom Pangar inda 'yan uwanmu masunta daga Logon da tafkin Chadi suka koma kamun kifi, bandar nan kuma kasuwa take shiga, wa ya san tukunyar da za ta faɗa. A Burazil haka aka yi wa ƙabilar Yanomami, masu haƙa wajen dubu 20 suka cika musu daji, ga zaiba ga zazzaɓin sauro ga yunwa, yara suka yi ta mutuwa har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a Janairu 2023 ta tura soja. Yawancin waɗanda aka kora talakawa ne irinka, masu jiragen da ke kai musu mai da abinci suna birni.

Bakin magana kuma kana da shi, ɗan ƙasa ne kai, sai dai baƙo ba ya shiga gaban mai gida. In mutanen gari Gbaya sun tashi kai kuka wajen sufurefe, wato jami'in mulkin gunduma, a kan ramin da aka bari, ku bi bayansu ku sa hannu, ku da sarkin Hausawan wurin da ardon Fulani, don shanun Bororo ma suna faɗawa kuma dokar 1974 ɗin nan da ta ƙi ganin dajin Baka ita ce ta ƙi ganin burtalinsu. Kafin nan ka ɗauki hoton ramin da wayarka, ka kunna wurin da ke nuna inda kake, ka rubuta rana da wata a littafi, ka ajiye kofi a wajen wani wanda ba a sansanin yake kwana ba. Zaibar kuma in ba za ka iya rabuwa da ita yanzu ba, to kar ka ƙona a ɗaki ko kusa da inda ake girki, kuma mai ciki da yara su yi nisa da wurin.